Rashin Ɗakin Gwaji Ba Hujja Ba Ce: A Gwada Tsarin Tashoshi a Azuzuwan Kimiyya na Ɗan Issa

Duk wanda ya taɓa zama a ajin kimiyya a kwalejojinmu na karkara ya san yadda darasin yake tafiya. Malami zai zana batir da waya da ƙwan fitila a allo, ya rubuta ƙa'ida da Faransanci a ƙarƙashin zanen, ɗalibai su kwafa, su koma gida su hardace. Ranar jarrabawa su mayar masa da kayansa yadda ya ba su. Yaro zai iya yin shekaru 4 a kwaleji, ya ƙara 3 a lise, ya fita bai taɓa riƙe ma'aunin zafi da hannunsa ba, bai taɓa auna nauyin komai ba, bai taɓa haɗa waya ya ga fitila ta kama ba. A takarda ya karanta kimiyya. A zahiri labarin kimiyya aka ba shi.

Idan ka tambayi malami dalili, amsarsa ɗaya ce: babu ɗakin gwaji, babu kayan aiki, ga ɗalibai sun cika aji maƙil. Ba ƙarya ya faɗa ba. Sai dai ni ra'ayina shi ne wannan ƙarancin kayan, wanda muke kafa hujja da shi don mu tsaya a kan alli da allo, shi ne babban dalilin da ya kamata ya tura mu ga wata hanyar koyarwa da littattafan Faransanci ke kira ateliers tournants. Ni ina kiranta tsarin tashoshi. Makarantar da ke da kaya isassu tana iya yin wannan tsari don sha'awa. Makarantar da ba ta da su, kamar yawancin namu, ita ce ta fi bukatarsa.

Me ya sa Ɗan Issa

Na ɗauki Ɗan Issa misali ne saboda wuri ne da tambayoyin kimiyya suke zagaye da yaro tun daga ƙofar gidansu. Gari ne na kan iyaka a gundumar Madarunfa, a kan hanyar da ta taso daga Maraɗi ta nufi Jibiya da Katsina. A wannan yanki akwai jigawa inda ake noman gero, akwai fadamun Gulbin Maraɗi inda ake noman rani, akwai tabkin Madarunfa, akwai gonakin ban ruwa na Jiratawa. A 2021 kuma aka samu zinariya a yankin, mutane suka yi ta kwarara daga ciki da wajen ƙasa. Ba mu manta ranar 7 ga Nuwamba ta wannan shekarar ba, lokacin da ramukan haƙar zinariya suka rufta a Garin Liman, aƙalla mutum 18 suka rasa rayukansu. Allah ya jiƙansu.

Ba zan ce darasin aji zai hana ƙaddara ba, kuma talaucin da ke tura matashi cikin rami ba malamin kimiyya ne zai magance shi ba. Amma yaron da ke zaune a aji yau, shi ne gobe zai tsaya a bakin rijiya, ko gonar albasa, ko ɗakin shan magani, ko wurin wankin zinariya. Zai bukaci ya san wace ƙasa ce ke riƙe ruwa, wace ce ke zubewa, yaya ake gane ruwa mai kyau, yaya ake auna magani daidai, yaya ake bambanta zinariya da dutse mai ƙyalli. Wanda aka saba masa da aunawa da gwadawa tun yana ƙarami ba a cika yi masa wayo ba. Wanda aka saba masa da karɓar magana don kawai babba ne ya faɗa, haka zai karɓi maganar mai maganin ƙarya a kasuwa. Abin da ke cikin wannan magana ke nan, ya wuce batun maki.

Yadda tsarin yake

A ɗauka aji ne mai ɗalibai 60. Idan malami yana son kowa ya yi gwaji iri ɗaya a lokaci ɗaya, ya raba su biyar biyar, zai samu rukuni 12, kuma yana bukatar kayan gwajin har kashi 12. A nan ne magana take mutuwa, don babu makarantar karkara da ke da sikeli 12.

A tsarin tashoshi, malami zai shirya ayyuka 6 daban daban a kan darasi guda. Kowane aiki yana da wurinsa, wato tasharsa, da ƴar takarda mai bayanin abin da za a yi. Sai ya yi zagaye biyu, kowane zagaye tashoshi 6, rukuni 6. Kowane rukuni zai fara daga wata tasha, ya yi minti 12, a buga ƙararrawa ko a tafa hannu, ya matsa zuwa ta gaba, har ya gama zagayen. Ka ga sikeli 2 sun isa aji duka, maimakon 12. Ba kuma kowace tasha ce ke bukatar kayan aiki ba: wata ta lissafi ce, wata ta zane da rubutu.

Lissafin lokaci ma yana fita idan aka samu awa biyu a jere. Minti 10 na bayanin farko, minti 72 na ayyukan shida, kamar minti 12 na sauye-sauyen wuri, sai minti 20 zuwa 25 na tattarawa a ƙarshe. Idan awa ɗaya ce kawai a jadawali, a yi tashoshi 3 yau, 3 a zama na gaba.

Ga misalin darasi cikakke, wanda ya shafi rayuwar yankin kai tsaye: darasin dansite, wato yadda nauyin abu yake idan aka gwada shi da girmansa.

Tasha ta farko tana da ƙaramin sikeli irin wanda masu sayen zinariya ke amfani da shi, da babban noti na ƙarfe, da kofi cike da ruwa a cikin faranti, da sirinji marar allura. Ɗalibai su auna nauyin notin, su jefa shi cikin kofin, su zuƙe ruwan da ya zubo da sirinji su karanta yawansa, su raba nauyi da girma. Za su samu wani abu kusa da giram 8 a kowace mililita. Ba zai fito daidai da na littafi ba, kuma wannan ma darasi ne: me ya sa rukunin su Hadiza suka samu 7, rukunin su Sani suka samu 9? Ina kuskuren awo ya shigo?

Tasha ta biyu ƙwai ne da kofi biyu, ɗaya ruwan daɗi, ɗaya an narkar da gishiri mai yawa a ciki. Ƙwai zai nutse a na farko, ya taso a na biyu. Kafin su jefa, kowane ɗalibi ya rubuta abin da yake zaton zai faru. Tasha ta uku kwalba ce da man gyaɗa da ruwa da zuma, a zuba a ga wanne ke sama, wanne ke ƙasa, a juya kwalbar a sake dubawa.

Tasha ta huɗu ƙwarya ce da rairayi da aka cuɗa da ƙananan ƙusoshi, da bokitin ruwa. Su yi ta juya ƙwaryar cikin ruwa yadda masu wankin zinariya suke yi, su ga rairayi na fita, ƙarfe na zama a gindi. Yaron Ɗan Issa da yawa ya taɓa ganin ana wannan aikin. Abin da bai sani ba shi ne dalilinsa: ƙwayar rairayi ba ta kai giram 3 a mililita ba, ƙarfe kusan 8, zinariya kuwa ta haura 19.

Tasha ta biyar takarda ce kawai mai tambaya irin ta jarrabawa. Wani ya kawo maka dutse mai ƙyalli, nauyinsa giram 50, girmansa mililita 10, ya ce zinariya ce zalla. Za ka saya? Lissafi ya ba da 5, wanda ya yi daidai da dutsen da littafi ke kira pirit, mai yaudarar ido. Da zinariya ce mai wannan girman, da nauyinta ya kai giram 193. Tasha ta shida kuwa ta rubutu ce: kowane ɗalibi ya zana gwaji ɗaya, ya bayyana shi da jimla uku na Faransanci.

Akwai sharaɗi ɗaya da ya kamata malami ya kiyaye a nan. Tunda kowane rukuni daga wata tasha daban yake farawa, dole kowace tasha ta tsaya da ƙafarta, kada aikinta ya dogara da sakamakon wata. Tashar lissafi ta zo da alƙalumanta, tashar rubutu ta zo da hoto ko gwajin da malami ya nuna a farkon darasi.

Kayan gwaji na nan a madafa da kasuwa

Ba dansite kaɗai ba. Darasin asid da baz yana da kayan aikinsa a kowane gida. Ruwan zoɓo idan aka tsarma shi yana sauya launi: a ɗiga masa lemun tsami ko ruwan tsamiya ya ƙara ja, a sa masa ruwan kanwa ko ruwan toka ya rikiɗe ya yi duhu ya koma wajen kore. Iyayenmu mata sun daɗe suna jefa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami, suna ganin kumfa na tasowa. Wannan kumfar iskar kabon ce, kuma abin da ya faru a tukunyar shi ne abin da littafi ya ɓata shafi guda yana bayani. Yarinyar da ta gane haka ba za ta ƙara ɗaukar kimiyya a matsayin kayan Turawa ba.

A darasin ƙasa, a yanke gorunan roba biyu, a kifa su, a toshe baki da ƙyalle, a zuba ƙasar jigawa a ɗaya, laka ta fadama a ɗaya, a zuba ruwa daidai wa daida, a duba agogo. A darasin tsabtace ruwa, a daka ƙwayar zogale a zuba cikin ruwa mai laka, a ajiye kusa da wanda ba a zuba wa komai ba, a dawo a ga bambanci, tare da gargaɗin cewa ruwa ya yi garau ba ya nufin ƙwayoyin cuta sun ƙare. A darasin lantarki, batir biyu na tocila da ɗan ƙwan fitila da guntayen waya sun isa a gwada ƙusa, roba, bakin fensir da ruwan gishiri, a ga wanne ke wuce da wuta.

Ko randa ma darasi ce. Ma'aunin zafi ɗaya, randa ɗaya, bokitin roba ɗaya, an gama shirya tashar da za ta nuna yadda tsatsafar ruwa ta jikin tukunya ke sanyaya abin da ke ciki. Da wannan ilimin ne wani malami daga jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, don adana kayan lambu ba tare da lantarki ba, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000.

Ba baƙon abu ba ne

Wasu za su ce wannan salon makarantun Turai ne, inda aji bai wuce yara 25 ba. Su leƙa makarantar allo. Malam ɗaya yana riƙe da almajirai masu yawan gaske, kuma ba ya tara su duka ya yi musu karatu ɗaya. Ƙolo na gefe yana koyon baƙaƙe, titibiri na biya wa na ƙasa da shi, gardi na duba allunan wasu, kowane gungu da aikinsa, malam kuma yana karɓar hadda ɗaya bayan ɗaya. Raba aji gungu gungu, da sa wanda ya gane ya taimaki wanda bai gane ba, abu ne da kakanninmu suka daɗe da shi. Haka maƙeri yake koyar da yaransa: wani na zuga, wani na riƙe awartaki, wani na duka, kuma ana juyawa.

A ɓangaren boko ma muna da magabata. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin kimiyyar fizik ne da ya jagoranci hukumar ONERSOL mai binciken makamashin rana. A littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya soki karatun da aka gada daga mulkin mallaka saboda ya rabu da rayuwar mutanen da ake koyarwa. Jami'ar Maraɗi kuwa tana ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, masanin kimiyyar sinadarai. Abin kunya ne a ce ƙasar da ta sanya wa jami'o'inta sunayen masu gwaji tana yaye ɗaliban da ba su taɓa yin gwaji ba.

Gwamnati ma ta taɓa ɗaukar wannan hanya. Tun 2006 aka fara shirin SMASSE a Nijar tare da hukumar JICA ta Japan, shirin da ya samo asali daga Kenya, inda aka horar da malaman lissafi da kimiyya na sakandare a kan su sa ɗalibi ya yi aiki da hannunsa, su kuma ƙirƙiro kayan gwaji daga abin da ke kusa. Malamai da yawa da ke cikin azuzuwa yau sun ratsa ta wannan horo. Tsarin tashoshi shi ne amsar tambayar da suka riƙa yi bayan sun koma makarantunsu: to yaya zan yi wannan da yara 60 da kayan da ba su wuce cikin kwali ɗaya ba?

Ƙorafe-ƙorafen da ke da tushe

Abokan aikina suna da ƙorafi a kan wannan tsari, kuma ba na raina ko ɗaya daga ciki.

Na farko shi ne hayaniya da cunkoso. Aji ne da tebura suka haɗe, yara uku ko huɗu a benci ɗaya, ta ina za a yi zagaye? Amsa ita ce ba dole ne yara su tashi ba. A ɗora kayan kowace tasha a kan tire, idan lokaci ya cika tiren ne zai matsa zuwa rukuni na gaba, yara na zaune. Da safe kuma, kafin rana ta buɗe, inuwar dalbejiya a farfajiyar makaranta ta fi aji faɗi, ga ruwa in ya zube ba wanda zai damu. Batun hayaniya kuwa, aji mai shiru ba lallai ne ana koyo a cikinsa ba. Wani shirun na barci ne. Malami mai ƙwarewa yana bambanta surutun yara da ke musu a kan dalilin da ya sa ƙwai ya taso da surutun da ke kan ƙwallon jiya.

Na biyu ya fi nauyi: manhaja tana da tsawo, jarrabawar kimiyya a BEPC da BAC da biro da takarda ake yin ta, kuma da sakamakon ne ake auna malami. Wa zai ɓata awa biyu a kan abin da zai iya rubutawa a allo cikin minti 20? Gaskiya ne tsarin yana cin lokaci, shi ya sa ba na cewa a yi shi kullum. Sau ɗaya ko biyu a kowane babi ya isa, a kan abin da aka san yara na yawan ruɗewa a kai. Amma a sa wannan a lissafi: darasin da aka rubuta cikin minti 20 ana sake maimaita shi sau uku kafin jarrabawa, saboda bai zauna ba. Wanda ya zuƙi ruwa da sirinji ya raba nauyi da girma, da wuya ya juya lissafin ranar jarrabawa, don yana da abin da zai tuna.

Na uku shi ne cewa yaro ba zai gano ƙa'idar kimiyya da kansa ba don kawai an miƙa masa ƙwarya da rairayi. Wannan gaskiya ce tsantsa. A 2006 masu bincike uku, Kirschner da Sweller da Clark, sun wallafa wata maƙala da ta yi fice, inda suka nuna cewa ɗalibin da ke farkon koyon abu yana bukatar jagora sosai, kuma sakin sa ya lalubo da kansa ba ya haifar da ɗa mai ido. Don haka tsarin tashoshi ba hutun malami ba ne. Minti 10 na farko nasa ne, ya shimfiɗa tambayar da kalmomin da za a bukata. Takardar kowace tasha ta zama gajera, umarni uku ko huɗu, da tambaya ɗaya bayyananniya. Minti 20 na ƙarshe kuwa su ne zuciyar darasin: a rubuta sakamakon rukunoni a allo, a gwada su, malami ya fito da ƙa'idar ya rubuta ta da kyau, kowa ya kwafa. Idan aka yi tashoshi aka tsallake wannan tattarawar, wasa aka yi.

Na huɗu shi ne ƴan rakiya. A kowane rukuni za ka samu ɗaya na aiki, huɗu na kallo. Sau da yawa kuma samari ne ke wawure kayan, a bar ƴan mata da riƙe biro. Robert Slavin na jami'ar Johns Hopkins a Amurka, wanda ya daɗe yana nazarin aikin rukuni, ya nuna cewa yana yin amfani ne idan rukuni na da buri ɗaya, kuma ana duba abin da kowane mutum ya koya shi kaɗai. A aikace ga yadda za a yi: a ba kowane ɗan rukuni lamba daga 1 zuwa 5. A tasha ta farko mai lamba 1 ne zai taɓa kaya, mai lamba 2 ya karanta umarni, mai lamba 3 ya duba lokaci, a tasha ta gaba a juya. Kowa ya rubuta a littafinsa, ba takarda ɗaya ga rukuni ba. A wajen tattarawa malami ya kira lamba yadda ya ga dama, wanda ta faɗa kansa shi zai yi magana da sunan rukunin. Da sun gane haka, mai ƙoƙari zai tabbatar kowa ya fahimta, don bai san wa za a kira ba.

Na biyar shi ne haɗari, kuma a jihar Maraɗi ba mai wasa da wannan. Kwana ɗaya bayan ruftawar Garin Liman, ranar 8 ga Nuwamban 2021, gobara ta kama azuzuwan zana a wata makarantar firamare a birnin Maraɗi, yara aƙalla 25 suka rasu. Saboda haka ƙa'idar a bayyane take: babu wuta, babu kyandir, babu fetur ko barasar gwaji a ajin zana ko kusa da shi. Babu ruwan batirin mota, babu soda mai ƙuna a hannun ɗalibai, babu ɗanɗana komai ko da zuma ce. Duk gwajin da ke bukatar wuta, malami ne zai yi shi da kansa a fili, da bokitin ruwa a gefe. Duk misalan da na kawo a sama babu wanda ke bukatar ashana.

Akwai kuma batun harshe, wanda ba a cika faɗa a fili ba. Yara da yawa suna yin shiru a aji ne saboda tsoron kuskuren Faransanci, alhali sun gane abin da ake magana a kai. A cikin rukuni a bar su su yi musunsu da Hausa, sannan su rubuta sakamako da Faransanci tunda da shi za a yi jarrabawa. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ba dalili ke nan da zai sa a hukunta yaro don ya bayyana wa ɗan'uwansa dalilin nutsewar ƙwai da harshen da yake tunani da shi.

Nauyin da ke kan kowa

Ƙorafi na ƙarshe shi ne gajiya. Malamin da ke ɗauke da azuzuwa da yawa, wataƙila ɗan kwantiragi ne da albashinsa bai kai masa ƙarshen wata ba, yaya za a ce ya kwana yana yanka goruna, ya kuma sayi batir daga aljihunsa? Bai kamata ba. A nan ne sauran masu ruwa da tsaki za su shigo.

Malaman kimiyya na makaranta ɗaya, ko na makarantu maƙwabta, su raba aikin. Wannan ya shirya kwalin dansite, wancan na lantarki, waccan ta zoɓo da kanwa, a rubuta takardun umarni sau ɗaya a lulluɓe su da leda, a riƙa musanya. Wahalar ta shekarar farko ce. Shugabannin makarantu su haɗa wa malamin kimiyya awa biyu a jere ko sau ɗaya a mako, su ba shi akwati mai makulli. Kwamitin COGES, wanda iyaye ke ciki, ya sa sikeli biyu, ma'aunin zafi biyu da batura cikin kasafinsa na shekara. Ma'aikatan ɗakin shan magani za su iya taimakawa da sababbin sirinji marasa allura, mai gyaran rediyo da guntayen waya. Masu duba makarantu kuma, idan suka shigo suka tarar da aji na motsi, su tambayi ɗalibi abin da yake aunawa kafin su rubuta cewa malami ya kasa riƙe aji.

Mu da ke horar da malamai namu nauyin ya fi na kowa. Malami yana koyarwa ne yadda aka koyar da shi. Idan ɗalibin malanta ya yi shekarun horonsa yana kwafar bayani a kan muhimmancin gwaji, to bayani zai je ya ba yara su kwafa. Kafin a ba shi takardar shaida, ya kamata a ce ya taɓa zagaya tashoshi a matsayin ɗalibi, ya kuma shirya nasa da kayan da ya tattaro daga kasuwa, ya gudanar da su a gaban yara na gaske.

Ba na cewa a daina neman ɗakunan gwaji. Haƙƙin yaran karkara ne kamar yadda yake haƙƙin na Yamai, kuma a ci gaba da matsa wa hukuma lamba har ta gina. Amma yaron da ke aji uku na kwaleji bana ba zai tsaya jiran ginin ba, shekararsa tafiya take yi. Ƴan'uwana malaman kimiyya na Ɗan Issa, Madarunfa, Gabi, Safo da sauran garuruwan yankin, ku zaɓi babi ɗaya a wannan zangon karatu, ku shirya tashoshi ko da uku ne, ku yi wa ajin tambayoyi bayan mako biyu ku gwada da ajin da aka yi wa darasin a allo kaɗai. Ku malaman kimiyya ne, kada ku karɓi maganata sai kun auna. Allah ya sa mu dace, ya yi wa karatun yaranmu albarka.